Ɗanjuma da Ɗanjummai: Daga Sikelin Gyaɗa Zuwa Kasuwar Kirifto

Duk wanda ya san cikin garin Kaduna ya san shataletalen Leventis da ke kan titin Ahmadu Bello. Masu keke napep da yaran mota na kiran sunan sau ba adadi a yini, amma kaɗan ne ke tuna cewa sunan mutum ne. Anastasios Leventis ɗan tsibirin Sayifurus ne da ya zo Afirka ta Yamma neman arziki tun yana matashi, har ya kai matsayin babban manajan kamfanin G.B. Ollivant a Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A shekarun 1930 kamfanin United Africa Company, wanda aka fi sani da UAC, ya mallaki G.B. Ollivant. Leventis ya ajiye aiki ya kafa nasa kamfanin, wanda ya shigo Najeriya a shekarun 1940, kantunansa suka bazu har suka bar wa Kaduna wannan suna.

Abin lura a labarin shi ne makomar kamfanin da ya baro. UAC bai goge sunan G.B. Ollivant daga jikin kantuna ba. Ya bar shi da allonsa da akawunansa da sikelinsa, yana ciniki kusa da kantunan UAC tamkar abokin gasa. Manomin da farashin wannan kanti bai yi masa ba sai ya ɗora buhunsa bisa jaki ya nufi wancan, yana ganin ya sauya mai saye. Ribar kuwa, ko ta nan ta bi ko ta can, aljihu ɗaya take faɗawa a Landan.

Yau a Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada akwai matasa da ke da manhajojin cinikin kirifto uku ko huɗu a waya ɗaya. Dalilinsu mai kyau ne: idan wannan ta rufe, ga waccan. Sai dai wasu daga cikin irin waɗannan dandali mai su ɗaya ne, ko kuma wannan na da hannun jari a wancan. To, dandali biyu da ke ƙarƙashin mai gida ɗaya, da gaske sun bambanta, ko Ɗanjuma ne da Ɗanjummai? Tarihin kantunan gyaɗa ya riga ya amsa rabin tambayar, rushe-rushen kasuwar kirifto na 'yan shekarun nan kuma sun amsa sauran.

Yadda gida ɗaya ya tara sunaye

Asalin UAC ma daga haɗe abokan gasa ya faro. A 1879 George Goldie ya shawo kan kamfanonin Ingila da ke sayen manja a kogin Neja suka dunƙule wuri guda, domin gasar da suke yi da juna tana ɗaga farashin da suke biyan masu kaya. A 1884 ya saye kamfanonin Faransa da ke kogin. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company, wanda Hausawa suka sani da Kamfanin Neja. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓe mulkin, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja, kamfanin ya koma ciniki zalla.

A 1920 Lever Brothers, masu yin sabulu a Ingila, suka sayi Kamfanin Neja kan kuɗi fiye da fam miliyan 8. A 1929 aka haɗe shi da babban abokin hamayyarsa, African and Eastern Trade Corporation, aka haifi UAC. A daidai wannan lokacin Lever Brothers suka haɗe da kamfanin Margarine Unie na Holan, aka sami Unilever. Ke nan mai sayen gyaɗa a Kano da mai matse ta a Turai ya yi sabulu da bota sun zama 'yan ɗaki ɗaya. Daga nan sunaye suka ci gaba da taruwa: G.B. Ollivant, da G. Gottschalck, da kantunan Kingsway. A ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram, akwai Compagnie du Niger Français, mai suna irin na Faransawa, amma reshen gidan nan ne. Wanda ya tsallaka da gyaɗarsa daga Katsina zuwa Maraɗi don gudun UAC yana iya ƙarewa a gaban sikelin UAC ba tare da ya sani ba. An gudu ba a tsira ba.

Kakar gyaɗa

Layin dogo ya ratsa Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911. Turawa auduga suka sa wa rai, manoman Kano kuwa suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi biya. Cikin 'yan shekaru kantunan Turawa suka jeru kusa da tashar jirgi, fataken goro irin su Alhassan Ɗantata suka juya zuwa sayen gyaɗa, suna karɓar adibas daga kamfani suna raba wa yaransu da ke shiga ƙauyuka. Tsakanin manomi da kanti kuma ga dillalai da 'yan baranda.

Kuskure ne a ce babu wani bambanci tsakanin kantunan da ke da mai gida ɗaya. Kowane kanti da manajansa, kowane manaja kuma yana son a ga ya tara tan mai yawa a ƙarshen kaka. Wani akawun ya fi wani sakin fuska, wani kantin ya fi saurin biya, wani ya fi yarda ya ba dillali adibas. Waɗannan abubuwa ne da mutum ke ji a jikinsa. Amma iyakar farashin da za a iya biya, da yawan jarin da za a zuba a kaka, da ranar da za a ce a dakata da saye, duk daga sama suke saukowa, kuma saman guda ɗaya ne.

Har kamfanonin da ba mai su ɗaya ba sukan haɗa baki. A 1937 manyan kamfanonin Turai suka ƙulla yarjejeniyar raba kasuwar koko a tsakaninsu. Manoman Gwalkwas suka ƙi sayar da kokonsu na tsawon watanni, har gwamnatin Ingila ta tura kwamitin Nowell, wanda rahotonsa na 1938 ya soki yarjejeniyar. Ƙungiyar waɗannan kamfanoni ana taƙaita sunanta da AWAM, kuma har yau a bakin mutanen Ghana kalmar "awam" na nufin abin bogi ko cuwa-cuwa. A kasuwar gyaɗar Kano ma an yi irin wannan haɗin baki. Wanda ya dagula musu lissafi a ƙarshen shekarun 1930 shi ne Saul Raccah, Bayahude ɗan asalin Turabulus da ke zaune a Kano, wanda ba ya cikin yarjejeniyar, ya riƙa saye da farashin da ya fi nasu yana fitarwa da kansa. Masanin tattalin arziki P.T. Bauer ya kawo labarinsa a littafinsa kan cinikin Afirka ta Yamma da ya fito a 1954, inda kuma ya nuna cewa a ƙarshen shekarun 1940 kusan kashi ɗaya cikin uku na hajar da ake shigowa da ita Najeriya ta hannun UAC take bi, kasonsa a sayen amfanin gona kuma ya haura haka.

Darasin kakar gyaɗa ke nan. Yawan alluna a bakin titi ba ya nuna yawan masu saye. Mutum ɗaya da jarinsa da lissafinsa suke dabam ya fi motsa farashi a kan kantuna biyar masu uba ɗaya.

Sabuwar kasuwa a tafin hannu

Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Maimakon cinikin ya mutu, sai ya koma na hannu da hannu, wanda ake kira P2P: kai ka tura naira ta banki, wancan ya sakar maka USDT, dandali kuma ya tsaya a tsakani kamar dillali. Faɗuwar darajar naira ta ƙara tura mutane neman abin da ke bin dala. A 2023 da 2024 kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar kirifto, bayan Indiya. A Arewa kuma guguwar "mainin" ta waya, daga Pi zuwa Notcoin da Hamster Kombat a 2024, ta sa dubban matasa da matan aure buɗe asusu a dandalin musaya karo na farko, don su sami inda za su sayar da abin da suka tara.

Idan aka bi salsalar sunayen da ke cikin wayoyin nan, sai a ga taswira mai kama da ta UAC. Binance ya sayi Trust Wallet a 2018, ya sayi CoinMarketCap a 2020, wato shafin da mutane ke dubawa don sanin wane dandali ne ya fi girma. Bundle, manhajar da aka ƙaddamar a Najeriya a 2020 ƙarƙashin Yele Bademosi, Binance ne ya rene ta ya kuma zuba mata jari, kafin ta rufe sashen musayarta a 2023. Luno, wanda ya daɗe yana aiki a Najeriya, kamfanin Digital Currency Group na Amurka ya saye shi a 2020, kuma wannan kamfani shi ne mai Genesis da Grayscale, shi ne kuma mai jaridar CoinDesk a wancan lokacin. USDT ɗin da kusan kowane ɗan P2P ke riƙewa, kamfanin Tether ne ke fitar da shi, kuma Tether da dandalin Bitfinex masu su da shugabanninsu sun haɗu. Hatta Binance da FTX, da duniya ta sani da zaman doya da manja, Binance na cikin waɗanda suka fara zuba jari a FTX a 2019, sai a 2021 ya sayar da kasonsa.

Abin da ke bayan fuskar manhaja

Mu da muke rubuta manhaja mun san cewa abin da mai waya ke gani shi ne mafi arha a cikin aikin. Launi da tambari da suna ana iya sauya su cikin yini guda. A ƙarƙashinsu akwai injin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa, da kundin da ke riƙe da lissafin kowa. A ƙarƙashin wannan kuma akwai rumbun, wato lalitar da ainihin kuɗin ke ciki, da mabuɗan sirrin da ke buɗe ta. Manhaja biyu na iya bambanta a fuska su haɗu a inji, ko su bambanta a inji su haɗu a rumbu. A Fabrairu 2020 Binance ya fito da wani tsari mai suna Binance Cloud, wanda ke ba wani kamfani damar buɗe dandali da sunansa da tambarinsa, alhali injin da kasuwar da ke ƙasa na Binance ne. Wannan sana'a ce sananniya a duniyar manhaja, ba a ɓoye take ba, sai dai mai waya ba ya ganin ta.

Akwai abin da ya kamata kowane mai asusu ya fahimta. Idan ka sayi Bitcoin a dandalin musaya, ba a rubuta komai da sunanka a kundin bulokcen ba. Lamba ce kawai ta sauya a kwamfutar kamfanin. Kuɗin na cikin babbar lalitar kamfani, haɗe da na sauran jama'a, mabuɗin kuma na hannunsu. Abin da kake gani a allon wayarka alkawari ne. Fataken goro da na shanu sun san irin wannan zama tun da daɗewa: baƙo ya sauka gidan fatoma, ya damƙa masa kaya da kuɗi, ya dogara da amanarsa. Malaman fiƙihu kuma sun bambanta ajiya da rance. Ajiya ana tsare ta yadda aka kawo ta, rance kuwa ana juya shi a biya daga baya. Babban haɗarin kamfanoni masu uba ɗaya shi ne a karɓi kuɗinka da sunan ajiya a ƙofar gaba, a miƙa wa ɗan'uwa a matsayin rance ta ƙofar baya.

An ga haka a fili. A Afrilu 2019 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta zargi Bitfinex da ɓoye asarar kimanin dala miliyan 850 da suka maƙale a hannun wani kamfanin biyan kuɗi, da kuma cike giɓin da ɗaruruwan miliyoyi daga ajiyar Tether, ajiyar da aka ce tana nan don tsaya wa kowane USDT. A Fabrairu 2021 kamfanonin biyu suka biya tarar dala miliyan 18.5 ba tare da sun amsa laifi ba. Bitfinex ya biya bashin, USDT bai rushe ba. Amma mai riƙe da USDT wanda bai taɓa buɗe asusu a Bitfinex ba ya ɗauki haɗarin Bitfinex na wani lokaci, ba da saninsa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Babu inda tambayar ta sami amsa ƙarara kamar rushewar FTX. Sam Bankman-Fried na da FTX na duniya mai hedikwata a Bahamas, da FTX US na Amurkawa, da FTX Japan, da kuma kamfanin cinikinsa na kansa, Alameda Research. Kullum ana cewa kowanne zaman kansa yake yi. Ranar 2 ga Nuwamba 2022 CoinDesk ta wallafa bayanan da suka nuna cewa kaso mai yawa na dukiyar Alameda ba komai ba ne illa FTT, kuɗin da FTX ya ƙirƙira da kansa. Ranar 6 ga wata shugaban Binance, Changpeng Zhao, ya ce zai sayar da FTT ɗin da ke hannunsu. Jama'a suka yi rububin cire kuɗi, cikin kwana biyu aka kasa biya. Ranar 10 ga wata Bankman-Fried ya ce abin bai shafi FTX US ba. Washegari, 11 ga Nuwamba, FTX US na cikin kamfanoni kusan 130 da suka shiga kotun fatara tare.

A shari'ar da aka yi a 2023, Gary Wang, wanda ya jagoranci rubuta manhajar FTX, ya shaida wa kotu cewa an saka wani ɗan sharaɗi a cikinta da ke ba asusun Alameda damar sauka ƙasa da sifili, wato ya ciri abin da ba shi da shi, tare da iyakar bashi ta dala biliyan 65. Katangar da ake ta tallatawa tsakanin kamfanonin biyu, 'yan layukan rubutu ne suka huda ta. Kimanin dala biliyan 8 na masu ajiya suka salwanta ta wannan kafa, kuma a Maris 2024 aka yanke wa Bankman-Fried ɗaurin shekara 25. Tartsatsin ya iso gida: kamfanin Nestcoin na Najeriya, wanda Alameda ya zuba wa jari kuma yake ajiye kuɗin gudanarwarsa a FTX, sai da ya sallami ma'aikata a watan da abin ya faru.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce duk kanwar ja ce. Amma FTX Japan, mai uba ɗaya da sauran, ya buɗe wa masu ajiyarsa ƙofar cire kuɗinsu ranar 21 ga Fabrairu 2023, wata uku da 'yan kwanaki bayan rushewar, yayin da na sauran ƙasashe suka shafe fiye da shekara biyu suna jiran kotu. Ba halin mai gidan ne ya sauya a Tokyo ba. Japan ta riga ta sha wuya: Mt. Gox ya rushe a can a 2014 da Bitcoin kusan 850,000, an kuma sace kimanin dala miliyan 530 daga Coincheck a 2018. Saboda haka dokarsu ta tilasta wa kowane dandali ya ware kuɗin jama'a daga nasa, ya ajiye akasarin kirifton a lalitar da ba ta haɗe da intanet, kuɗin takarda kuma a hannun amintaccen kamfani na dabam, masu binciken lissafi suna dubawa. Hannun Alameda bai kai can ba domin akwai hukumar da ke tsaye a bakin ƙofa.

Gidan Digital Currency Group ma ya ba da irin wannan misali. Genesis ya dakatar da biya a Nuwamba 2022, ya shiga kotun fatara a Janairu 2023. Luno ya rage kashi 35 cikin 100 na ma'aikatansa a wannan watan, alamar cewa zazzaɓin gida ya taɓa shi, amma bai shiga fatarar ba, ya ci gaba da aiki. CoinDesk kuwa, labarin da ta fasa shi ne ya tayar da gobarar da ta ƙona ɗan'uwanta Genesis. 'Yan gida ɗaya ne, makomarsu uku.

Wani lokacin ma sanin mai gidan shi ne aikin. A Nuwamba 2019 Binance ya sanar cewa ya sayi WazirX na Indiya, kuma mutane da yawa suka shiga dandalin saboda wannan suna. A Agusta 2022, da hukumomin Indiya suka daskarar da wasu kuɗaɗen dandalin, Zhao ya ce cinikin bai taɓa kammaluwa ba, wanda ya kafa WazirX, Nischal Shetty, ya ce ya kammalu. Da aka sace kimanin dala miliyan 230 daga WazirX a Yuli 2024, masu ajiya suka tarar babu babban yayan da zai tsaya musu. A Najeriya kuma an ga akasin haka: a Yuni 2023 hukumar SEC ta ayyana ayyukan wani kamfani mai suna Binance Nigeria Limited a matsayin haramtattu, Binance ya fito ya ce ba shi da alaƙa da shi. Ga suna biyu mai su ɗaya, ga kuma suna ɗaya masu shi biyu.

Wa ke gina katanga?

Najeriya ta taɓa fuskantar wannan matsala a bankunanta. A Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe, daga baya wasu suka biyo. Cikin abin da aka gano har da yadda kuɗin masu ajiya ya bi ta rassan bankuna da kamfanonin makusanta ya faɗa kasuwar hannun jari. A 2010 Babban Banki ya soke tsarin da ke ba banki damar yin kowace irin sana'ar kuɗi a inuwa ɗaya. Ko banki ya sayar da rassan da ba na banki ba, ko a kafa uwar kamfani da za ta riƙe kowanne dabam, da jarinsa da hukumar da ke sa masa ido. Ba a hana mutum ɗaya mallakar kamfanoni da yawa ba. An dai hana aljihunansu zama ɗaya.

A ɓangaren kirifto, aikin yanzu aka fara shi. A Disamba 2023 Babban Banki ya janye haramcin 2021. A Fabrairu 2024 gwamnati ta juya kan Binance bisa zargin cewa farashin P2P na karya naira, aka toshe shafinsa, aka tsare jami'ansa biyu, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla. Anjarwalla ya tsere a Maris, Gambaryan kuwa sai a Oktoba aka sake shi. Ranar 8 ga Maris Binance ya daina hulɗa da naira. Cikin 'yan watanni KuCoin da OKX, waɗanda ba su haɗa mai gida da Binance ba, su ma suka cire naira daga P2P, OKX ma ya fice daga Najeriya a Agusta. Wanda ya rarraba kuɗinsa a dandali uku na waje ya ga ƙofofin naira uku sun rufe kusan lokaci guda, domin dukkansu ba su da rajista a nan, matsin hukuma ɗaya ne ya same su. Mai Trust Wallet kuwa, duk da cewa Binance ne ya sayi manhajar, kuɗinsa na hannunsa, saboda an gina ta ne yadda mabuɗin ke zama a wayar mai ita, kamfani ba ya riƙe da shi.

A Agusta 2024 SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko ta gudanar da dandalin musaya, a Maris 2025 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar. Wannan ci gaba ne. Sai dai har yanzu akwai tazara tsakanin banki da dandali: idan banki ya rushe, NDIC na biyan mai ajiya har naira miliyan 5, amma wannan inshora ba ta rufe kirifton da ke zaune a dandalin musaya.

To, sun bambanta?

A ranar da kasuwa ke lafiya, sun bambanta, kamar yadda kantin G.B. Ollivant ya bambanta da na UAC: wannan ya fi sauƙin caji, wancan ya fi saurin amsa ƙorafi, wani ya fi yawan masu saye a P2P. Mai ciniki na da damar zaɓar wanda ya fi masa daɗi. A ranar tashin hankali kuwa, suna da tambari ba sa tsare kowa. Abin da ya raba mai asusu a FTX Japan da mai asusu a FTX US shi ne inda aka ajiye kuɗin, da wanda ke riƙe da mabuɗi, da hukumar da ke da ikon buɗe kundin ta duba. Inda waɗannan suka rabu, kamfanoni masu uba ɗaya na iya zama biyu na haƙiƙa. Inda suka haɗu, ko sunaye goma aka liƙa, rumbu ɗaya ne.

Manomin gyaɗa na 1938 ba shi da hanyar sanin wanda ya mallaki kantin da ke auna masa kaya, domin rajistar masu hannun jari na Landan, cikin harshen da ba ya ji. Mai waya a Kaduna yau ya fi shi gata. A ƙasan kowace manhaja akwai shafin sharuɗɗa, wanda yawancinmu ke danna amincewa ba tare da karantawa ba. A cikinsa ake rubuta ainihin sunan kamfanin da ka ƙulla yarjejeniya da shi, da ƙasar da aka yi masa rajista, da inda za a kai ƙara idan an saɓa, da ko an yarda a ba wani rancen abin da ka ajiye. Shafin SEC na nuna waɗanda hukumar ta amince da su. Idan manhajoji biyu da ke wayarka suka nuna kamfani ɗaya, ko ƙasa ɗaya mai nisa da ba ka da hanyar kai ƙara cikinta, to ba ka raba dukiyarka gida biyu ba. Idan kuma duk abin da ke cikinsu USDT ne, to ko dandalin sun kai biyar, amanar Tether kaɗai ka dogara da ita. Kuɗin da ba na cinikin yau da gobe ba, wanda ya iya tsare kalmomin sirrinsa na iya mayar da shi lalitar da mabuɗinta ke hannunsa, da sanin cewa idan ya ɓatar da su babu ofishin da zai je ya yi kuka.